Daga Bakin Mai Alƙalami: Matsayin Hira da Marubuta a Nazarin Ƙagaggun Labaran Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hira da marubuta a matsayin madogara wajen nazarin ƙagaggun labaran Hausa, tun daga littattafan gasar 1933 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya a yau. Hujjar da take kafawa ita ce, tun da mafi yawan littattafan da suka fito daga tsakiyar shekarun 1980 marubutansu ne suka buga su da kuɗin aljihunsu, babu kamfanin da ya ajiye musu takardu, to babban kaso na tarihin wannan adabi yana cikin kawunan mutane ne kawai. Maƙalar ta kuma nuna cewa abin da marubuci ya faɗa a hira yana buƙatar tarke kamar yadda littafinsa yake buƙata, domin kunya da tsoron zargi da irin mai tambaya duk suna da hannu a cikin amsar da ya bayar. Daga nan ta taɓo irin tambayoyin da muka saba tsallakewa, da batun adana muryoyin da aka ɗauka.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri a sashen Hausa ya san wani shafi da ke can baya, kusa da rataye, mai ɗauke da sunayen waɗanda aka yi hira da su: wane, a gidansa, ranar kaza, da ƙarfe kaza. Ɗalibai suna cika wannan shafi ne domin an ce su cika, mu kuma masu dubawa ba kasafai muke tambayar inda muryar take ba, balle mu nemi a kunna mana mu ji. A cikin kundin kuwa, abin da aka ɗebo daga hirar bai wuce shekarar haihuwar marubuci da makarantun da ya yi da yawan 'ya'yansa ba. Sai a zuba wannan a babi na biyu a ƙarƙashin tarihin marubuci, a wuce zuwa jigo da salo kamar ba a taɓa ganin mutumin ba.

Ina ganin wannan asara ce babba. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da gaskiyarsa. Amma aikin manazarci bai tsaya ga jin daɗi ba. Wajibi ne ya san abin da mai littafi kaɗai zai iya gaya masa, ya kuma san inda maganar mai littafi take buƙatar shaida ta biyu. A kan waɗannan abubuwa biyu maƙalar za ta tsaya.

Yadda wasu suka riƙi abin

Hira da marubuci ta zama wani fanni mai zaman kansa a adabin Turawa tun lokacin da mujallar Paris Review ta fara fitowa a 1953, inda ta buɗe jerin hirarrakinta da marubucin Ingila E. M. Forster. Abin lura a tsarinsu shi ne, tambayoyin sun fi karkata ga sana'ar rubutun kanta: yadda ake farawa, yadda ake gyara, abin da aka jefar. Sannan sukan mayar wa marubuci da abin da aka rubuta ya duba ya gyara kafin a buga. Ke nan abin da mai karatu yake gani aikin mutum biyu ne da suka zauna suka tace, kuma ba su ɓoye hakan ba. Chinua Achebe ya shiga wannan jeri a 1994.

A ɓangaren Afirka, wata cibiya a Landan ƙarƙashin Dennis Duerden ta yi ta ɗaukar muryoyin marubuta a shekarun 1960 domin gidajen rediyo, mutane irin su Lewis Nkosi da Robert Serumaga suna yin tambayoyin. Daga cikinsu aka tsamo littafin African Writers Talking a 1972, wanda Duerden da Cosmo Pieterse suka tsara. Bernth Lindfors ma ya fitar da hirarrakinsa da marubutan Nijeriya takwas a 1974. Albarkacin waɗannan ayyuka ne har yau ake iya sanin abin da Christopher Okigbo ya faɗa da bakinsa game da waƙoƙinsa, alhali ya rasu a yaƙin basasa tun 1967. Sai dai masu rubutu da Turanci su ne suka mamaye waɗannan littattafai. A daidai shekarun da ake ɗaukar muryar Achebe da Soyinka, Abubakar Imam yana raye da lafiyarsa, littattafansa kuma suna hannun kowane ɗan makaranta a Arewa.

Giɓin da magabata suka bari

A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Littattafai biyar suka fito daga gasar da ya shirya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin da muka sani game da yadda aka yi wannan aiki, mafi yawansa daga alƙalamin East ya fito, musamman maƙalarsa ta 1936 a mujallar Africa, inda ya bayyana wahalar da ya sha kafin malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi. Bayani ne mai amfani, amma na ɓangare ɗaya ne. Mai gasa ne yake ba da labarin 'yan gasa.

A dubi Jiki Magayi. Sunaye biyu ne a bangonsa. Wane ne ya kawo labarin Abubakar da Zainab da Malam Shehu? Wane ne ya tsara shi har ya zama shi ne mafi kama da ƙagaggen labarin Turawa a cikin biyar ɗin, babu aljanu masu yawa, babu yawon duniya irin na Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja? Manazarta sun yi ta kirdado ta hanyar duba salo, alhali zama ɗaya na sa'a biyu da John Tafida zai iya warware abin da aka shafe shekaru ana muhawara a kansa. Haka Shehu Umar. Marubucinsa ya zama Firayim Minista, 'yan jarida sun yi masa tambayoyi ba adadi a kan siyasa har zuwa kashe shi a Janairun 1966, amma labarin bauta da fataucin bayi ta hamada da ya rubuta yana matashin malamin makaranta, sai dai mu karanta mu yi hasashen inda ya ji shi.

Abubakar Imam ne ya fi sauran sa'a, domin ya bar tarihin rayuwarsa wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa. Daga nan da wasu wurare muka san cewa an ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta Magana Jari Ce, kuma an tara masa littattafan Larabci da na Turanci ya duba. Duk da haka, sai da Ibrahim Malumfashi ya zauna ya bi labaran ɗaya bayan ɗaya, ya gwada su da Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da sauransu, sannan aka ga zahirin yadda Imam yake ɗauko labarin wata ƙasa ya sa masa riga da hular Hausa har ba a gane baƙo ne. Wannan misali yana koya mana abu biyu a lokaci guda. Maganar marubuci ce ta nuna ƙofar, amma bin diddigin matani ne ya nuna abin da ke cikin ɗakin. Da ɗaya ya rasa ɗaya, da iliminmu game da Imam ya ragu ƙwarai.

Ya kamata a yaba wa masu nazarin waƙa, domin sun riga mu gane wannan. Ɗalhatu Muhammad ya daɗe tare da Aƙilu Aliyu kafin ya kammala nazarinsa a kansa ya kuma tsara Fasaha Aƙiliya a 1977. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa har garuruwansu. Littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar a 2006 ya ginu ne a kan ɗimbin hirarraki. Masu nazarin zube ne muka tsaya a baya, wataƙila domin muna ganin tun da littafi yana hannu, babu abin da ya rage a nema.

Adabin da ba shi da ma'ajiya

Abin ya fi tsanani idan aka zo kan littattafan da Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Kafin su, kamfani ne yake buga littafi: NORLA a shekarun 1950, sannan NNPC daga 1966. Kamfani yana da edita, yana da wasiƙu, yana da rajistar yawan kwafe da shekarar bugu. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanoni suka janye daga buga ƙagaggun labarai, sai matasa suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Daga baya ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suna ciki.

Duk wanda ya yi aiki da waɗannan littattafai ya san matsalarsu. Da yawa babu shekarar bugu. Wani an sake buga shi sau da dama ba tare da an nuna ba. Littafi ɗaya yakan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma tsakanin na ɗaya da na biyu marubuci yakan canza akalar labarin saboda abin da masu karatu suka rubuto masa ko abin da ɗan kasuwa ya ce zai fi tafiya. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun yi namijin ƙoƙari wajen tattara jerin littattafan da suka fito tsakanin 1987 da 2002, aka buga a 2004, sun kuma lissafa sama da ɗari bakwai. Amma jerin sunaye ba zai gaya mana nawa aka kashe wajen bugu ba, ko wane ne ya zana bango, ko wane ɗan kasuwa ne ya saye littafi ɗungurungum ya mallaki haƙƙinsa, ko dalilin da ya sa marubuciya ta sa sunan mijinta ko na ɗanta a madadin nata. Waɗannan bayanai ba a rubuta su a ko'ina ba. Suna wurin marubutan, da masu shagunan littattafai, da masu buga keken rubutu na wancan lokaci, kuma waɗanda suka fara wannan harka suna da shekara ashirin da 'yan kai, yanzu sun haura sittin.

Zamanin waya bai rage matsalar ba. Labarin da aka rubuta shafi-shafi a zauren WhatsApp, ko aka ɗora a Wattpad ko Facebook, ko aka karanta a YouTube, yana iya ɓacewa ranar da aka rufe zauren ko waya ta lalace. Marubuciyar da ke rubuta shafin gobe bayan ta karanta sharhin masu bibiyarta na yau tana aiki ne a wani yanayi da Imam bai san shi ba, kuma idan ba ita ta bayyana mana yadda abin yake gudana ba, babu takardar da za ta bayyana.

Akwai kuma abin da hira ta riga ta ba mu wanda ya canza yadda muke karatu. Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗa cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai ɗore ba, daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar karatun manya. Wanda ya san wannan ba zai karanta Wa Zai Auri Jahila? kamar wanda bai sani ba. Hafsat Abdulwaheed ma, wadda So Aljannar Duniya nata ya fito a 1980 bayan gasar NNPC, ta bayyana cewa abin da ya faru da yayarta wajen aure ne ya zaburar da ita. Irin wannan bayani yana rushe zargin da aka daɗe ana yi cewa labaran soyayya duk kwaikwayon finafinan Indiya ne. Sai dai a nan ma akwai tarko, domin ɗalibi yakan ji wannan ya yanke cewa tauraruwar littafi ita ce marubuciyar, ya mayar da ƙagaggen labari tarihin rayuwa, ya manta da duk abin da ta ƙara da abin da ta rage da abin da ta juya. A cikin wannan ƙari da ragi fasahar take.

Abin da ke tsakanin baki da kunne

A 1946 wasu masana biyu na Amurka, Wimsatt da Beardsley, suka yi gargaɗi cewa niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin aikinsa ba. Bayan kimanin shekara ashirin Roland Barthes na Faransa ya kai maganar ƙarshe, ya ce a ɗauka marubuci ya mutu, a bar mai karatu da matani. Ban yarda mu ɗauki wannan ra'ayi ɗungurungum ba. Wanda ya faɗe shi yana zaune ne a ƙasar da aka adana wasiƙu da daftarin marubutanta na ɗaruruwan shekaru, saboda haka ko ya kau da kai daga marubuci babu abin da zai salwanta. Mu kuwa idan muka kau da kai, shi ke nan. Amma gargaɗin yana da amfani, kuma a yanayinmu akwai dalilai na musamman da suke sa a yi hattara da amsar marubuci.

Na farko kuma mafi girma shi ne kariyar kai. A tambayi marubucin Hausa me ya sa yake rubutu, kusan kowa zai ce domin faɗakarwa da gyaran tarbiyya. Ba ina cewa ƙarya suke yi ba. Da yawansu har zuciya suke nufin haka, kuma adabin Hausa tun daga waƙoƙin masu jihadi ya saba da ɗaukar nauyin wa'azi. Amma a tuna irin yanayin da aka yi ta ba da wannan amsa. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridu, musamman a shafukan adabi da Ibrahim Sheme ya kula da su, inda Malumfashi da wasu suka soki ingancin littattafan, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su. A wajen jami'a kuwa, malamai da iyaye suna zargin littattafan da ɓata 'yan mata. A 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, shekara ta gaba kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista, abin da ya jawo takaddama da ƙungiyoyinsu. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan baƙo ya zo da na'urar ɗaukar magana ya tambaye shi manufarsa, ba zai ce yana rubutu domin yana son labari ba, ko domin yana jin daɗin sarrafa harshe, ko domin da shi yake ciyar da gida. Zai ba da amsar da ba za ta ja masa magana ba. Saboda haka idan muka ci karo da kalmar faɗakarwa a hira, sai mu tambayi kanmu a wace shekara aka faɗe ta, a wane gari, kuma wa ake jin tsoron ya ji.

Na biyu shi ne kunya da kawaici. Tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya zauna yana yabon aikin hannunsa ba. Ka ce wa marubuci wannan babi ya yi kyau, yaya aka yi ka gina shi, sai ya ce baiwa ce daga Allah, ya yi shiru. Amsa ce ta ladabi da tawali'u, kuma gaskiya ce a wurin mai imani, amma mai tambaya da ya tsaya a nan ya koma gida hannu rabbana. Abin ya fi wuya idan namiji ne yake tambayar matar aure a kan littafin da ke maganar kishi ko zaman ɗaki, a falon gidanta, wataƙila mai gidan yana zaune ko yara suna shige da fice. Akwai abin da ba za ta faɗa ba ko da ta so. Tun da mata ne suka fi yawa a cikin masu rubutun ƙagaggun labarai a yau, kamar yadda gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta ƙara fitowa da shi fili, to horar da ɗalibai mata su yi wannan aiki ya zama dole.

Na uku shi ne wane ne mai tambayar, kuma da wane harshe. Wasu daga cikin hirarrakin da aka fi ambata a nazarce-nazarcen duniya baƙi ne suka yi su: Brian Larkin, wanda maƙalarsa ta 1997 ta dubi alaƙar finafinan Indiya da littattafan soyayya, da Novian Whitsitt wanda ya yi nazarin Balaraba Ramat da Bilkisu Ahmed Funtuwa, da Carmen McCain wadda ta daɗe a Kano tana tattaunawa da marubuta da 'yan fim. Sun yi aikin da ya cancanci godiya, sun kuma ɗauki marubutan da muhimmanci a lokacin da wasu jami'o'inmu suke yi musu kallon raini. Amma marubuci yakan gaya wa baƙo abin da ba zai gaya wa ɗan gida ba, ya kuma ɓoye masa abin da yake ganin ba zai fahimta ba ko zai kai waje a yi wa al'umma dariya. Bayan haka, maganar da aka yi da Hausa aka buga da Turanci ta riga ta bi ta hannun mai fassara. Mu kuma sai mu ɗauko ta daga Turancin mu sake mayar da ita Hausa a kundayenmu, mu sa ta cikin alamar zancen wani kamar haka ta fito daga bakin mai ita.

Na huɗu mantuwa ce, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Mutum yakan rikita shekaru, yakan kuma maimaita labari har ya daskare a siga ɗaya. Marubucin da aka yi wa tambaya ɗaya sau talatin ya riga ya haddace amsarsa.

Maganin waɗannan duka yana cikin gadonmu na ilimi. Malaman hadisi ba su karɓi magana don an ce wane ya faɗa ba. Sun tambayi wa ya ji, daga wa, a ina, kuma shin wani ya ruwaito irinta. Irin wannan tsantseni nake kira mu yi wa hira: a ambaci mai tambaya da wuri da rana da harshen da aka yi magana da shi da waɗanda suke zaune, a gwada abin da marubuci ya faɗa bana da abin da ya faɗa shekara goma baya, a gwada shi da maganar ɗan kasuwar da ya sayar da littafin, sannan a koma ga littafin a ga ko ya amsa.

Tambayoyin da ba mu yi

Na karanta hirarraki da dama a jaridu da mujallu, na saurari wasu a rediyo, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi. Tarihinka a taƙaice. Yaushe ka fara rubutu. Littattafai nawa ka rubuta. Wanne ka fi so. Waɗanne nasarori da ƙalubale. Wane kira gare ka ga gwamnati. Ana iya yi wa ɗan kasuwa ko ɗan ƙwallo waɗannan tambayoyi ba tare da an canza komai ba, kuma sau da yawa alama takan nuna mai tambayar bai karanta littafin ba.

Hirar da za ta amfani nazari ita ce wadda aka yi da littafin a buɗe a tsakani. A nuna wa marubuciya shafi, a ce a nan kin bar bakin mai ba da labari kin koma wasiƙa, me ya sa? A tambayi marubuci dalilin da ya sa tauraronsa yake magana da karin harshen Sakkwato alhali labarin a Kano yake. A tambaye shi wane ne yake fara karanta masa daftari, da abin da aka taɓa sa shi ya cire. A tambayi waɗanda suka koma rubuta labarin fim, kuma suna da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1990, abin da fim ya canza a yadda suke gina zance. A tambayi wadda ake karanta littafinta a rediyo ko tana rubutu ne da kunnen mai sauraro a ranta. A tambaye su abin da suka karanta suna yara, domin ta nan ne za mu gane ko zaren da ya taso daga Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi ya iso gare su, ko kuwa daga tatsuniyar kaka da fassarar finafinai suka sha. Irin waɗannan tambayoyi suna da wata fa'ida ta daban: ba sa sa mutum ya yabi kansa, ba sa kuma sa shi ya kare kansa. Aiki ake tambayarsa, kuma duk mai sana'a yana sakin jiki idan ya ga mai tambaya ya san aikin.

Adanawa da amana

Saura batun inda muryar za ta zauna. Hirarrakin Landan na shekarun 1960 suna nan har yau domin an miƙa faya-fayan ga ɗakunan karatu da suka adana su. A wurinmu, kaset nawa aka ɗauki sabon shiri a kansa saboda ƙarancin kaya, waya nawa ta ɓace da hirar da ɗalibi ya yi? Muna da wuraren da za su iya ɗaukar wannan nauyi, kamar Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato da Katsina da sauransu. Shawarata ita ce kowane sashe ya sa sharaɗi cewa ɗalibin da ya dogara da hira a kundinsa sai ya miƙa muryar tare da rubutacciyar sigarta da Hausa, kalma da kalma, ba tare da an gyara wa mai magana karin harshensa zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwamfuta ɗaya da ma'ajiya biyu a wurare daban-daban da mutum ɗaya mai kula sun isa a fara.

Amma adanawa tana tafe da amana. Marubuciyar da ta saki jiki ta faɗi abin da ya shafi aurenta ko rikicinta da ɗan kasuwa ta faɗa ne ga mutum ɗaya da ta amince da shi, ba ta san za a ajiye muryarta inda kowa zai ji ba. Dole a gaya mata tun kafin a kunna na'ura inda maganar za ta je, a ba ta damar ta ce wannan yanki a rufe shi sai bayan shekaru kaza, ko a cire sunan wane. A kuma mayar mata da rubutacciyar hirar ta duba. Idan ta gyara wani abu, a ajiye siga biyun, a nuna wadda ta amince a buga. Marubutan da suka fara a shekarun 1980 da masu shagunan da suka yi hulɗa da su su ne ya kamata a fara da su, kuma a fara tun yanzu.